Aikin Enzayim da Kabarin 'Yar Rigasa a Haidarabad

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. Idan na zauna a bencin Bala tela a nan Kinkinau, kafin in gama amsa sannu da zuwa wani ya jefo tasa: da gaske ne a kan titi suke rawa? Da gaske saniya ta fi mutum daraja? Luka abokin aikina kuwa ya dage sai na faɗa masa ko na yo budurwa mai dogon gashi. Nakan yi dariya in ba su abin da suke son ji, guntu-guntu. Amma ba haka tafiyar ta kasance ba, shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta ta gaba ɗaya, kowa ya karanta, ni ma in samu lafiya.

Ina aiki ne a wani ƙaramin kamfanin magunguna a nan Kaduna. Mu dai haɗawa muke yi. Garin maganin daga waje ake kawo shi cikin durom, mu auna, mu gauraya, mu buga ƙwaya, mu zuba a kwali. Maigidanmu ya daɗe yana jin zafin wannan, har ya samo mini gurbin horo na kusan rabin shekara a wani kamfani da ke Haidarabad ta ƙasar Indiya.

Abin da aka tura ni koyo shi ne haɗa wani dangin sinadarai da ake kira amin. I, amin, kamar wanda ake amsa addu'a da shi. Ranar da na gaya wa mahaifiyata, cewa ta yi, "Yanzu har amin ɗin ma sai an je Indiya?" Magunguna da yawa, irin su wasu na ciwon sukari, a kan amin aka gina su. Matsalar ita ce wasu amin ɗin iri biyu suke zuwa, kamar takalmin ƙafar dama da na hagu: fata ɗaya, ɗinki ɗaya, amma wannan ba ya shiga inda wancan yake shiga. Sau da yawa ɗaya ne ke yi wa jiki magani, ɗayan ko ya zama kaya kawai, ko ma ya yi ɓarna. In aka haɗa su ta hanyar da muka saba, rabi da rabi suke fitowa a cakuɗe, raba su kuwa aiki ne ja. To, akwai enzayim, wato irin abin nan da ke cikin yawu da hanji yana narkar da abinci. Wani irinsa da ake samu daga ƙwayoyin bakteriya ƙafa ɗaya kaɗai ya iya ƙerawa. Shi aka ce in je in koyi sarrafawa.

Matata Maryam da 'yarmu Ummi ne suka raka ni tashar jirgin ƙasa ta Rigasa. Maryam ta cusa mini kilishi da kuka da daddawa da yaji a jaka, ta naɗe kowanne da leda uku-uku. Ummi ba ta yi kuka ba, jirgin ne ya ɗauke mata hankali. Ni ne na riƙa share ido a ɓoye har muka wuce Rijana.

Daga Abuja muka tashi, muka yada zango a Adis Ababa, inda sanyi ya kama ni a cikin 'yar shara, muka sake hawa wani jirgin. A filin jirgin Indiya aka ware mu 'yan Nijeriya gefe, a duba katin rigakafin shawara da na shan-inna. Nawa suna nan lafiya. Inda na yi asara wajen masu binciken kaya ne. Wani jami'i mai gashin baki ya buɗe jakata, ya zaro kilishin, ya ɗaga shi sama yana juyawa kamar ya tsinci tsohuwar fata.

"Mene ne wannan?"

Na ce nama ne.

"Naman me?"

Da na yi shiru da ya fi. Na ce na saniya. Ya riƙe shi da yatsu biyu ya jefa a kwandon shara, ya goge hannu. Daddawar kuwa da ya kwance ya shinshina, sai ya ja baya, ya kira abokin aikinsa, shi ma ya shinshina, suka yi shawara da yarensu, ta bi kilishi. Kuka da yaji ne suka tsira.

Masaukina a bayan gari yake, kusa da unguwar masana'antu, ɗaki ɗaya a saman gidan wata tsohuwa bazawara da kowa ke kira Amma. Washegarin isata da safe na sauko zan tafi aiki, na taka wani zane na farin gari a ƙofar gida, na wuce abina. Sai na ji ihun Amma a bayana. Ashe kullum da sassafe take share ƙofar, ta yayyafa ruwa, ta zana shi da garin shinkafa, abin ibada ne a wurinsu. Na yi ta ba da haƙuri da Turanci, tana ta faɗa da yarensu na Telugu. Daga ranar tsallakawa nake yi, ita kuma daga ranar ba ta ƙara kallona da kyau ba.

A gidan ba a cin nama, ba a cin kifi, ba a cin ƙwai, kuma ba a shigo da su. Da safe sai a ba ni wata farar waina da aka turara ba a soya ba, ko wani faffaɗan sinasir mai ƙamas-ƙamas. Da rana shinkafa da ruwan tsamiya mai barkono, a rufe da shinkafa da kindirmo. Ban ce ba daɗi ba, amma mutum ya ci ya tashi kamar bai ci ba. Shayinsu kuma a ɗan kofin da bai wuce babban yatsa ba ake ba ka. Na tuna kofin Sani mai shayi na bakin layinmu, wanda sai ka riƙe da hannu biyu.

Amma ba abinci ne ya fi damuna ba. Gaisuwa ce. A wurin aiki an haɗa ni da wata mata, Dakta Lakshimi, 'yar siririya mai tabarau, ita ce shugabar ɗakin gwajin. Ranar farko na gaishe ta yadda aka koya mini a gida: ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya yara, yaya maigida. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Me ya sa kake son sani?" Kunya ta rufe ni. Daga nan na koma ɗaga hannu kamar kowa.

Ga kuma kaɗa kai. In ka tambayi mutum abu, sai ya karkaɗa kai hagu da dama, mu a wurinmu a'a ke nan. Na yi kwana da kwanaki ina zaton duk abin da na roƙa hana ni ake yi, ashe "to" suke cewa.

Jama'a kam ban taɓa ganin irinta ba, Kasuwar Bacci ranar jajibirin salla ba ta kama ƙafar tashar motarsu ta kullum ba. Amma a cikin wannan cunkoso sai in wuni ban yi magana da kowa ba in ba ta aiki ba. A bas mutane su zuba mini ido, kujerar kusa da ni ta zauna ba kowa alhali wasu na tsaye. A wurin cin abinci abokan aiki su yi ta hira da yarensu, in na zauna su koma Turanci na ɗan lokaci don kara, sannan su manta da ni. In na kira gida, lokacinmu ba ɗaya ba ne: ina tashi aiki Maryam tana tsakiyar girkin rana, Ummi na makaranta. Maryam ta ce, "Abban Ummi, bari in sauke tukunya in kira ka." Wani lokaci ta kira, wani lokaci hidima ta sha kanta. Har na kama kaina ina yi wa kwalaben gwaji magana da Hausa.

Aikin kansa ga yadda yake. Enzayim ɗin gari ne kamar madarar gwangwani, a firiza yake zama. Za ka narkar da shi a ruwa, ka sa masa wani ɗan sinadari rawaya, dangin bitamin, wanda ba ya aiki sai da shi. Ka kawo abin da kake so a mayar amin, ka kawo wani amin mai arha, mai warin ruɓaɓɓen kifi, wanda daga jikinsa enzayim zai ciro abin da zai ɗora wa naka. Sai ka bar su suna juyawa a ɗumi kamar na jikin mutum. Amma abin yana da rai kamar jariri. In zafi ya yi yawa ya mutu. In ruwan ya cika tsami ko ya cika kanwa ya mutu. Kuma yana aiki yana fitar da asiton, irin abin goge farcen nan, wanda in ba ka riƙa kore shi da iska ba sai aikin ya tsaya, har ya fara komawa baya. A ƙarshe ka ɗebi ɗigo ka ba wata na'ura, ta zana maka layi a allo. In tudu biyu suka fito, dama da hagu ne a cakuɗe. Abin da ake nema tudu ɗaya, a inda ya dace.

Gwajina na farko na zuba mai warin kifin nan ban daidaita ruwan ba, enzayim ya dunƙule kamar madarar da ta tsinke. Na biyu na bar asiton ya taru. Can wajen wata na biyu na ga tudu ɗaya tal a allo, tsaf, kamar an zana da hannu. Na ruga na kira Dakta Lakshimi. Ta duba, ta duba kwalbar da na ɗebi garin, ta ce, "Ya yi kyau ƙwarai. Ka haɗa wanda ba a so, tsantsarsa." Ashe enzayim ɗin ma iri biyu ne a firizar, mai ƙera dama da mai ƙera hagu, ni kuwa na ɗauko kishiyar wanda aka ce. Ba ta yi faɗa ba, ta juya ta tafi. Da ta yi faɗan da na fi jin daɗi, ko ba komai an yi mini magana mai tsawo.

A cikin wannan hali ne wata Lahadi na shiga cikin gari neman inda zan ci nama. Ina tafe a gefen wani babban asibiti sai na ji an ce, "Kai, bawan Allah, ba nan na ce maka ba! Ka ga mutum sai kaɗa kai kamar ƙadangare!"

Na tsaya cik. Na zaci kunnena ne. Na waiga, sai ga dattijo da farar jamfa da hula zanna, riƙe da kwanon abinci a leda, yana fama da mai Keke Napep. Ban san sanda na isa gabansa ba.

"Salamu alaikum, Baba. Lafiya dai?"

Ya saki ledar, Allah ya sa na tare. Ya kama hannuna da hannu biyu. "Wa alaikumus salam! Ɗan wane gari?"

"Kaduna, Baba. Kinkinau."

"La ilaha illallahu. Rigasa! Ni Rigasa!"

Muka tsaya a bakin titi muna gaisawa, ina gajiya, ina gida, yaya baƙunta, yaya muka ji da zafi, muka ƙare muka sake ɗaukowa daga farko. Mai keken ya gaji ya tafi. Ni dai ban so gaisuwar nan ta ƙare ba.

Sunansa Alhaji Garba, hatsi yake sayarwa a kasuwar Kawo. Matarsa ya kawo, Hajiya Asabe, ciwon sukari ya daɗe yana cinta har ya taɓa zuciya, aka ce sai an yi mata aiki. Filinsa ya sayar suka taho su biyu. Wanda ya yi musu hanya ya karɓe su a filin jirgi, ya kai su asibiti, daga nan wayarsa ta daina shiga. Baba ba ya jin Turanci. Da hannu yake magana da likitoci.

Ya ja ni har ɗakin da take. Mace ce mai jiki, fara, ciwo ya zabge ta amma bakinta na nan. Da ta ji Hausata sai ta fashe da kuka, sannan ta share hawaye ta hau ni da tambaya: ɗan gidan wa, wa na aura, me ya sa na rame haka.

"Ba sa ba ka abinci ne, ɗan nan?"

Na ba ta labarin kilishi da daddawa. Ta yi dariya har sai da nas ta leƙo. Na ce amma kuka ta tsira. Ta dafe ƙirji ta ce, "Kuka? Kana da kuka a garin nan kake zaune?"

Lahadin da ta biyo na zo da kukar. A ɗan ɗakin da Baba ya kama haya akwai risho. Ba mu iya ba, daga ni har shi, sai muka kira Hajiya a waya tana daga gadon asibiti tana ba da umarni: a kaɗa, kar a bari ta yi gudaji, a rage wuta. Muka tuƙa tuwon shinkafa, muka yi miyar kuka da naman akuya, ba daddawa. Likita ya hana ta gishiri da mai, loma biyu kawai ta ci, ta ce miyar ba ta yi ba, amma Allah ya yi mana albarka.

Daga nan kowace Lahadi can nake wuni. Ni ne tafinta, in ji na likita in juya musu, in ji nasu in juya masa. Wata rana Baba ya ce in gaya masa tsakani da Allah me nake yi a garin nan. Na cire takalmana na jera, na yi masa bayanin dama da hagu. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "To. Allah ya ba ka na daman." Hajiya ta ce, "Amin." Na ce ai sunan abin ke nan. Suka ɗauka wasa nake.

An yi mata aikin, aka ce ya yi kyau. Ta fara zama, ta fara lissafin tsarabar da za ta kai wa 'ya'yanta mata. A lokacin ni ma aikina ya fara kama hanya, har Dakta Lakshimi ta yarda in bar ƙananan kwalabe in hau babbar tukunyar gilashi. Wannan shi ne gwajin da za a auna ni da shi, kuma garin enzayim ɗin da aka ware mini na ƙarshe ke nan. In ya lalace, sai dai in dawo Kaduna in gaya wa maigidanmu na ga yadda wasu ke yi. Aikin yana son a tsaya a kansa wuni guda, ana duba ruwan, ana ƙara abu kaɗan-kaɗan.

Na ɗora da safe. Wajen hantsi wayata ta yi ƙara. Baba ne.

"Nasiru, ka zo. Suna ta yi mini magana ban san me suke cewa ba. Sun ja labule."

Na dubi tukunyar tana juyawa, ruwan rawaya gwanin kyau. Na je ofishin Dakta Lakshimi, karo na farko da na shiga ba a kira ni ba. Na ce mata wata uwata ce a asibiti, ina jin ta rasu, mijinta kuma ba ya jin abin da ake gaya masa.

"Uwarka? Ban san da danginka ka zo ba."

"Ba dangina ba ne. Garinmu ɗaya."

Ta kaɗa kai irin nasu. Zuwa lokacin na san ma'anarsa. Na cire farar riga na fita, na sallama aikin a raina.

Ni na gaya wa Baba. Likitan ya faɗa mini da Turanci, na juya na faɗa masa da Hausa, a tsaye a baranda, mutane na wucewa. Ya yi salati, ya zauna a ƙasa, ya cire hularsa ya riƙe. Can ya ce, "Da asuba fa ta ce in sayo mata lemo."

A gida da kafin la'asar an kai ta. A can sai da aka yi ta yawon takardu, na asibiti, na 'yan sanda, na ofishin baƙi, har kwana ya juya. Wasu suka ce a kai ta gida a jirgi. Baba ya kira 'ya'yansa, aka yi ta kuka a waya, a ƙarshe ya ce ƙasa duk ta Allah ce, ba zai sa a zuba ta a akwati kamar kaya ba. Limamin wani masallaci da ke bayan asibitin ya tsaya mana. Matan unguwar da ba su taɓa ganinta ba suka yi mata wanka, suka yi mata sutura. Bayan azahar liman ya yi sanarwa, sai ga sahu ya cika da mutanen da ba su san ko sunanta ba, masu shaguna, masu keke, 'yan dako. Sallama biyu suka yi a sallar, dama da hagu, mu kuwa ɗaya muka saba. Suka karɓi makara suna canjawa kafaɗa-kafaɗa har maƙabarta. Ni da Baba muka shiga ramin. Da aka rufe, kowa ya zuba ƙasa da hannunsa, wani ya yayyafa ruwan wardi, wani ya watsa jajayen furanni a kai. Baba ya dube ni, na ce al'adarsu ce. Ya ce, "Bar su. Sun yi mata abin da suke yi wa nasu."

Abin da babu shi ne zaman makoki. Aka yi addu'a, aka ba mu hannu, kowa ya koma shagonsa. Muka koma ɗakin Baba mu biyu, muka shimfiɗa tabarma, muka zauna. Ba mai sallama, ba mai shigowa da kwanon abinci, ba mai cewa yaya haƙuri. Da shirun ya yi yawa sai na matsa na ce, "Baba, yaya haƙuri?" Ya ce, "Haƙuri sai ma'aiki." Jim kaɗan shi ma ya ce da ni, "Nasiru, yaya haƙuri?" Haka muka karɓi gaisuwar Hajiya Asabe.

Da na koma aiki na tarar an wanke tukunyar an kife. A kan teburina ga kwalba da farin gari a ciki, an rubuta sunana. Ashe Dakta Lakshimi da kanta ta ɗaura riga ta tsaya a kan aikina har ya kammala. Ta kira ni gaban na'ura, ta ce ni zan sa ɗigon da hannuna. Layin ya tafi, ya tafi, ya tashi tudu ɗaya, dogo, a inda ake so. A wurin ɗayan kuwa sai ɗan ƙurji da sai ka matsa za ka gani.

Ta ce, "Haɗinka daidai ne. Ni gadi kawai na yi." Har ta juya, sai ta tsaya. "Yaya sunanta?"

Na ce Asabe. Ta maimaita a hankali, ta tafi.

Baba ya riga ni dawowa da kusan wata biyu. Na kai shi filin jirgi da jakarsa da tata. Watannin nan su ne mafi nauyi a tafiyar, don da can ban san abin da na rasa ba, yanzu kuwa na sani. Aka ƙaro mini garin enzayim, na sake yin gwajin ni kaɗai, ya fito, na sake, ya fito. Na kira Maryam in gaya mata, ta ce, "Alhamdu lillahi, Allah ya sa albarka," Ummi na ta ihu a bayanta a kan takalmin makaranta. Ban ga laifinta ba. Yaya za ka yi wa mutum bayanin tudu ɗaya a waya? Ranar Lahadi sai in hau bas in tafi maƙabartar, don ba ni da wani wurin zuwa. In yi mata addu'a, in cire ciyawa, in zauna ƙarƙashin wani dogonyaro da ke kusa da ita har rana ta yi sanyi. Mai gadin wurin ya saba da ni, in ya hango ni sai ya nuna wajen da hannu, ya ce, "Afirka."

Na dawo da garin enzayim a cikin kula da ƙanƙara. A Abuja, da jami'ai suka ga farin gari daga Indiya a hannun matashi, sai da na yi dogon zama a wani ɗaki kafin takardun kamfani su fitar da ni. Yanzu yana cikin firizarmu da ke kan sola. Na'urar da za ta nuna mana tudun ba ta iso ba tukuna, maigida ya ce ana hanya. Muna jira.

Sati na biyu da dawowata na shiga Rigasa, na yi ta tambaya har aka nuna mini gidan. Baba ya faɗa ƙwarai. Ya rungume ni a zaure, ya ja ni har tsakar gida, yana cewa, "Ku fito, ga yayanku, ga wanda ya sa uwarku a kabari." Mata uku suka fito, manya biyu da goyo, da ƙaramarsu Zainab, wadda ba ta daɗe da gama sakandare ba. Suka durƙusa suka gaishe ni. Aka kawo fura. Ashe Baba tun da ya dawo bai iya ba su labarin ba, da ya fara sai ya tashi ya fita.

Ni na ba su. Na gaya musu matan da suka yi mata wanka, da yawan sahu, da furannin. Na gaya musu miyar kukar da ta ce ba ta yi ba, suka yi dariya suna hawaye, babbar ta ce, "Wallahi Inna ce." Na nuna musu hoton wurin a waya, da dogonyaron. Suka riƙa miƙa wa juna, kowace ta daɗe tana kallo.

Zainab ce ta ƙarshe. Ta riƙe wayar ba ta ɗago ba, ta ce, "Yaya Nasiru, yanzu da ka taho, wa yake zuwa wajenta?"

Na so in ce liman, na so in ce mai gadi. Na dubi Baba, ya sunkuyar da kai.

Na ce, "Babu kowa, Zainab."

Ta gyaɗa kai. Ta goge fuskar wayar da bakin mayafinta, a hankali, kamar mai share ƙura daga kan wani abu, sannan ta miƙo mini da hannu biyu.